Yadda Ake Ɗaukar Gajeren Bidiyon Wasannin Ruwa da Tace Shi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ruwa da waya yana ɗaukar masu iyo ko masu tuƙa kwale-kwale ya san abin da yakan biyo baya. A ido wasan ya ƙayatar, amma da aka kunna bidiyon sai ga ɗan wasan can nesa kamar ƙuda a bango, hoton ya karkace, iska kuma ta cika sautin da huci. Ba kasafai laifin yake zama na kyamara ba. Ruwa wuri ne da ke ƙwace wa mai ɗauka yawancin ikonsa, domin jiƙaƙƙen yatsa ba ya sarrafa fuskar waya, ƙyallin rana ba ya barin a ga abin da ake ɗauka, ƙafa ba ta samun matsaya, abin da ake son kamawa kuma yakan faru cikin daƙiƙa biyu ya wuce. Saboda haka kusan duk shawarar da ke sa irin wannan bidiyo ya yi kyau a tudu ake yanke ta, tun ba a jiƙa ƙafa ba, sauran aikin kuma a gaban manhajar tacewa ake ƙarasa shi.

Tsara abin da za a ɗauka

Matakin farko ba ya buƙatar kyamara. Ka zauna da wanda za a ɗauka ku tsayar da abu guda da bidiyon zai nuna, domin bidiyo mai tsawon daƙiƙa 30 zuwa 60, wato wanda bai wuce minti ɗaya ba, ba ya ɗaukar labari biyu. A ɗauki misalin mai ƙaramin kwale-kwale na mutum ɗaya da zai tunkari igiyar ruwa ya ratsa ta ya fito. Ratsawar ita ce zuciyar bidiyon, duk sauran abin da za a ɗauka hidima yake yi mata: hoton wurin daga nesa domin mai kallo ya san inda yake, hannun ɗan wasan yana ɗaure rigar kariya, bakin filafilin tuƙi yana yankar ruwa, fuskarsa lokacin da ya hango igiyar, ratsawar kanta daga wurare biyu ko uku, sannan abin da ya biyo baya, ko dariya ce ko kifewa. Gutsure shida zuwa goma sun wadatar. Ka rubuta su a takarda ka haddace, domin a cikin ruwa ba za ka tuna da abin da ba ka tsara ba.

Mai ɗaukar nishaɗi yana da wata dama da mai ɗaukar gasa ba shi da ita: yana iya cewa a sake. Idan ɗan wasan ya maimaita abu ɗaya sau uku, kai kuma kana sauya matsaya kowane karo, to bayan tacewa mai kallo zai ɗauka kyamarori uku aka kafa. Sharaɗin kawai shi ne tufafin su zama iri ɗaya, alkiblar tafiya ɗaya, kuma a yi maimaicin cikin ɗan lokaci kaɗan kafin haske ya sauya. Ku kuma daidaita a kan alamun hannu na "fara", "sake" da "dakata", saboda murya ba ta tsallake ƙarar ruwa da iska.

Tsaron rai

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a shekarar 2021, kuma kyamara tana ƙara haɗarin ta fuska biyu. Mai ɗauka idonsa yana kan hoto, ba ya lura da zurfi ko igiyar da ke tahowa ta bayansa. Ɗan wasa kuma da ya ga ana ɗaukarsa yakan gwada abin da ya fi ƙarfinsa. Don haka ana buƙatar mutum na uku wanda ya iya ruwa, ba ya riƙe da komai, aikinsa kawai sa ido. Duk wanda zai hau kwale-kwale ko jirgi ya sa rigar kariya daga nutsewa, har da mai ɗauka. Idan an ji tsawa a fita daga ruwa, kada a koma sai an yi minti 30 da jin ta ƙarshe. Wanda zai nutsa yana riƙe da numfashi kada ya yi ta jan iska da sauri kafin ya shiga domin ya daɗe a ƙasa, saboda hakan yana jinkirta jin buƙatar numfashi har mutum ya suma a cikin ruwa ba tare da wata alama ba.

Akwai kuma haƙƙin mutane. Masu wanka a bakin ruwa ba su fito domin a yaɗa su a intanet ba, don haka a nemi izini ko a kauce musu, yara kuwa ba a ɗaukarsu sai da yardar iyayensu. Wuraren iyo da yawa suna da dokar hana ɗaukar hoto, jirgi marar matuƙi ma yana da dokokinsa a yawancin ƙasashe. A tambaya tukuna.

Kayan aiki da kare su daga ruwa

Mutane da yawa suna ganin alamar IP68, wato ma'aunin jure ƙura da ruwa, a bayanin wayarsu sai su ɗauka an ba su lasisin shiga ruwa da ita. Wannan gwaji a ruwa mai tsabta marar motsi ake yin sa, na ɗan lokaci, galibi minti 30, a zurfin da kamfanin ya ayyana: mita 1.5 a yawancin wayoyin Samsung masu wannan alama, mita 6 a iPhone 12 da waɗanda suka biyo bayanta. Bai shafi ruwan gishiri ba, bai shafi dukan igiyar ruwa ba, kuma kariyar tana raguwa yayin da waya ke tsufa ko ta sha faɗuwa. Kamfanin Apple ma ya fito fili ya ce garantinsa bai haɗa da lalacewar da ruwa ya jawo ba. Idan da waya za a yi aikin, to ko dai a tsaya a gaɓa, ko a sa ta cikin jaka ko gida na musamman mai hana ruwa shiga.

Ƙananan kyamarorin wasanni su ne suka fi dacewa da wannan aiki. GoPro samfurin Black, tun daga HERO5 Black ta 2016, tana jure zurfin mita 10 ba tare da ƙarin gida ba, gidan kariyarta kuma yana kai ta mita 60. DJI Osmo Action 4 tana kai mita 18 ita kaɗai. Sai dai duk cikinsu babu wadda ke yawo a saman ruwa. Mariƙi mai taso da kyamara sama, mai launi mai ɗaukar ido kamar ruwan lemo ko rawaya, tare da gajeren maɗaurin wuyan hannu, shi ne abin da ya kamata a fara saya bayan kyamarar kanta. Kada a rataya doguwar igiya a wuya, musamman a ruwa mai gudu, domin tana iya sarƙewa da reshe ko dutse.

Abin da ke tsakanin ruwa da cikin kyamara ɗan siririn zoben roba ne da ke kewaye da ƙofar batir ko bakin gidan kariya, kuma a nan ne ya kamata a ɓata lokaci. Ka buɗe ƙofar a wuri mai haske, ka bi zoben da ido da kan yatsa daga farko har ka zagayo. Silin gashi guda da ya gitta a kansa, ko ƙwayar yashi ɗaya da ta maƙale a kwarminsa, ya isa ya buɗe wa ruwa hanya. Ka goge da ƙyalle marar gashi, ka rufe har sai ka ji maƙullin ya kama, sannan ka duba gefen ƙofar ka tabbata ya yi daidai da jikin kyamarar. Sabuwar jaka ko sabon gida kuwa a gwada shi babu waya a ciki: a sa busasshiyar takardar goge hannu, a rufe, a danne shi cikin bokitin ruwa na rabin awa, a fito da shi a goge bayansa sannan a buɗe. Idan takardar ta nuna ko ɗan danshi, wannan gida bai cancanci a ba shi amanar waya ba.

Gumi a cikin gilashi wata matsala ce daban. Idan aka rufe gidan a wuri mai zafi da laima, sannan aka shiga ruwa mai sanyi, danshin da ke cikin iskar sai ya kwanta a gilashin ya dushe hoton. Maganinsa a rufe gidan a busasshen wuri mai sanyi, a sa ɗan ƙullin tsotse danshi a ciki, kuma kada a bar kyamarar ta gasu a rana kafin a shiga.

Katin memori ya zama mai alamar V30, wato wanda ba ya gaza rubuta megabayit 30 a daƙiƙa, in ba haka ba ɗaukar 4K, wato bidiyo mai inganci sosai, tana iya tsayawa a tsakiya. Bidiyon da ake ɗauka a kan megabit 100 a daƙiƙa yana cin kusan megabayit 750 a minti ɗaya, don haka awa guda ta kusa gigabayit 45. A cika batir, a share katin daga cikin kyamarar bayan an kwashe tsofaffin hotuna, a shiga ruwa da sanin cewa ba za a sake buɗe ƙofar ba sai an fito an bushe.

Saita kyamara tun a tudu

Abu na farko shi ne yawan firam a daƙiƙa, wato adadin hotunan da kyamara ke ɗauka a kowace daƙiƙa su haɗu su zama bidiyo, domin shi ke tabbatar da ko za a iya rage gudun hoto daga baya. Idan bidiyon ƙarshe zai fita a firam 30, to abin da aka ɗauka a 60 yana komawa rabin gudu ba tare da tangarɗa ba, na 120 yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu, na 240 kashi ɗaya cikin takwas. A ganina 4K a firam 60 ya isa yawancin ɗauka, sai a ware 120 domin babban motsin da aka zo dominsa, inda fantsamar ruwa take buƙatar a gan ta ɗigo-ɗigo. Yawan firam yana buƙatar yawan haske, don haka 240 da yamma liƙis ba zai ba da komai ba sai hoto mai duhu da yashi-yashi. A wurin iyo na cikin gini, inda fitilun lantarki ke haskawa, a daidaita firam da wutar ƙasar: 25 ko 50 inda wuta ke kan hatz 50, 30 ko 60 inda take kan 60, domin kauce wa ƙyafƙyaftawar haske.

Na biyu shi ne siffar hoto, a tsaye ko a kwance. TikTok, Instagram Reels da YouTube Shorts suna son hoto a tsaye mai awon 9:16, wato 1080 a faɗi da 1920 a tsayi. Wasannin ruwa kuwa gefe da gefe suke tafiya, abin da ya sa bin ɗan wasa a tsayayyen hoto yake da wuya. Hanya mai sauƙi ita ce a ɗauka a kwance a 4K, mai awon 3840 da 2160, a riƙe ɗan wasan kusa da tsakiya, sannan a yanko tsayayyen hoto wajen tacewa. Yankin zai kai kusan 1215 da 2160, wanda ya zarce abin da ake buƙata. GoPro samfurin Black daga HERO11 tana da siffar 8:7 da ta kusa zama murabba'i, an yi ta ne domin irin wannan yanka.

Sai haske. Farin kumfa da ƙyallin rana a kan ruwa suna saurin ƙonewa su koma fari fat, kuma abin da ya ƙone ba ya dawowa wajen tacewa, alhali wurin da ya ɗan yi duhu ana iya ɗaga shi. Saboda haka a rage ma'aunin EV, mai ƙara ko rage hasken hoto, zuwa −0.5 a rana mai ƙarfi, a kuma ƙayyade iyakar ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, kada ta wuce 400 ko 800. A tsayar da ma'aunin farin launi a kan 5500K, wato launin hasken rana, maimakon barin kyamara tana sauya shi da kanta, domin in ba haka ba ruwan zai zama shuɗi a wannan gutsure, kore a na gaba. A waya a kashe HDR na bidiyo, wato saitin da ke faɗaɗa bambancin haske da duhu, idan ba a saba aiki da shi ba, saboda yakan fito a koɗe a wasu manhajojin. A kunna na'urar hana girgiza, HyperSmooth a GoPro ko RockSteady a DJI, da sanin cewa tana ɗan yanke gefen hoto. Ƙa'idar nan ta masu fim, cewa saurin ƙiftawar kyamara ya ninka yawan firam, tana da amfani ga wanda ya kafa kyamara a gaɓa, amma ga kyamarar da ke hannun mai iyo gara a bar ƙiftawar ta yi sauri, domin hoton da motsi ya shafe ba ya daidaituwa da kyau a na'urar hana girgiza.

A ƙarshe a kulle fuskar taɓawa, saboda ɗigon ruwa yana danna ta kamar yatsa ya sauya saiti ba a sani ba. A koyi fara ɗauka da maɓalli ɗaya. A waya maɓallin ƙara sauti yana yin wannan aiki. Kada kuma a dogara da kallon hoto ta waya daga nesa, domin Wi-Fi da Bluetooth suna yankewa da zarar kyamara ta nutse.

Ɗaukar kanta

Kusanci ne ya raba bidiyon da ake kallo har ƙarshe da wanda ake wucewa. Gilashin kyamarar wasanni mai faɗin gani ne ƙwarai, yana mai da abin da ke mita 5 kamar yana can ƙetare, don haka ɗan wasa ba ya cika hoto sai yana tsakanin mita ɗaya zuwa biyu. Hanyar samun wannan ba tare da karo ba ita ce mai ɗauka ya tsaya wuri ɗaya a ruwan da ƙafarsa ke taɓa ƙasa, ɗan wasan ya bi layin da aka amince da shi ya wuce ta gefensa, tun daga nesa-nesa ana matsowa a hankali a kowane maimaici. Da jirgi mai inji ba a yin wannan ko kusa. Shi daga cikin jirgin ko daga gaɓa ake ɗauka.

Ka sauke kyamarar har ta kusa taɓa fuskar ruwa. Daga tsayin ido igiyar ruwa tana kwantawa ta zama ba komai ba, amma daga ƙasa ƙaramar igiya ma sai ta tashi ta cika hoto, ɗan wasan kuma ya fito a jikin sararin sama maimakon ya ɓace cikin launin ruwa. Rana ta kasance a bayanka ko a gefenka, kuma hantsi da la'asar sun fi tsakar rana kyau ga abin da ke saman ruwa. Ɗauka ɗaya da aka fuskanci rana da gangan, inda fantsama ke ƙyalli ɗan wasa kuma ya zama inuwa, tana ƙawata bidiyo, amma ɗaya ta isa.

Wanda ke gaɓa da waya kada ya zuƙo hoto da yatsu biyu, domin wannan faɗaɗa hoto ne kawai, ingancinsa yake zubarwa; ya zaɓi gilashin nesa na wayar, mai alamar 2x, 3x ko 5x, ya kafa ta a kan mariƙi mai ƙafa uku ko ya manne gwiwoyin hannunsa a jikinsa ya juya daga ƙugu. A bar fili a gaban ɗan wasan, wajen da ya nufa, fiye da bayansa. Layin da ruwa ya haɗu da sama ya kasance a miƙe, saboda babu karkatar da ido ke saurin ganewa kamar tasa. A fara ɗauka daƙiƙa 3 kafin motsin, a ci gaba daƙiƙa 3 bayansa; wannan rarar ce za ta ba da wurin yanka. Kuma duk sauyin matsayar da za a yi, a zauna a ɓangare ɗaya na hanyar ɗan wasan, domin idan aka tsallaka ɗaya ɓangaren, wanda ke tafiya daga hagu zuwa dama zai bayyana yana komawa baya a gutsure na gaba.

Ɗigon ruwa guda a kan gilashi yana iya lalata mafi kyawun ɗaukar ranar, kuma ba a ganinsa a ƙaramar fuskar kyamara sai an koma gida. Hanya biyu ce ake bi, ba a haɗa su. Ta farko ita ce a bar gilashin a jiƙe: a shafa masa miyau, a bar shi ya ɗan sha iska, a riƙe kyamarar a cikin ruwa, sai daidai lokacin da ɗan wasa ya matso a ɗago ta, ruwan zai kwanta shimfiɗe ɗaya na 'yan daƙiƙu ba tare da ya tattaru ya zama ɗigo ba. Ta biyu ita ce a bar shi a bushe, ga gilashin da aka yi masa rufi mai korar ruwa: a girgiza ko a hura ɗigon ya gangare. Ko wace aka zaɓa, a kalli gilashin da ido kafin kowace ɗauka.

Kyamarar da aka ɗaura a ƙirji, a kai ko a goshin kwale-kwale tana ba da hoton da babu mai tsayuwa a waje da zai samu. Ta fi kyau idan wani abu na jikin wasan ya shigo hoto, kamar hannuwa, filafili ko hancin kwale-kwalen, domin shi ke nuna gudu. Wadda aka kafa a goshi tana kallon matuƙin ita ce ke kamo fuska, kuma fuska ce ke riƙe mai kallo. A ƙara mata igiyar tsaro gajeriya, saboda manne yakan saki.

A ƙarƙashin ruwa dokokin sun sauya. Ruwa yana shanye jan launi kafin sauran, har ya zama a wajen zurfin mita 5 ja ya kusa ɓacewa, kuma tazarar da ke tsakaninka da abin da kake ɗauka ita ma tana cikin lissafin. Don haka a zauna kusa da sama, a matsa sosai, a ɗauka da tsakar rana lokacin da haske ya fi ratsa ruwa, a kuma ɗaga kyamarar tana kallon sama-sama domin mai iyo ya fito a jikin haske. Kada a tayar da yashin ƙasa da ƙafa. Hoton nan da rabinsa ke sama rabinsa ke cikin ruwa yana buƙatar gida mai ƙumbon gilashi wanda ke ture ruwa nesa da idon kyamara.

Kafin a tashi, a tsaya a gaɓa inda iska ba ta bugawa a naɗi minti ɗaya na sautin ruwa da waya, da ƙarar filafili da fantsama daga kusa. Makirufo ɗin da ya jiƙe sautin toshewa kawai yake bayarwa, wannan naɗin ne zai maye gurbinsa.

Bayan fitowa

A jiƙa kyamarar a ruwa mai daɗi na kusan minti 15 ƙofofinta a rufe, musamman bayan ruwan teku ko na wurin iyo mai sinadarin kulorin, a danna maɓallanta a ciki domin gishiri ya fita. A goge ta, a bar ta ta bushe a inuwa, a buɗe ƙofar tana kallon ƙasa, kuma kada a sa caji alhali ramin yana da laima. A kwafe hotunan wuri biyu kafin a share katin.

Tacewa

CapCut da iMovie sun isa aiki a waya, DaVinci Resolve na kamfanin Blackmagic Design kuma yana da sigar kyauta ga mai kwamfuta. Kafin a jawo komai a saita aikin a kan siffa da firam ɗin da za a fitar, misali 1080 da 1920 a firam 30. Idan na'urar tana sarƙewa da fayilolin 4K, musamman masu tsarin matse bidiyo na HEVC, a sa manhajar ta yi ƙananan kwafi na aiki, ta koma kan na asali wajen fitarwa.

Zagayen farko na zubarwa ne. Ka kalli komai sau ɗaya, ka ware daƙiƙun da suka yi kyau kawai, ka bar duk wanda ɗigo ya ɓata, duk wanda ɗan wasa ya yi nisa, da duk wanda wahalar ɗaukarsa ce kawai ta sa kake ƙaunarsa, domin mai kallo bai san wahalar ba. Ba abin mamaki ba ne ɗaukar minti 20 ta koma minti 2 a wannan zagaye, kuma daga cikin biyun ne za a fitar da daƙiƙa 40.

Sai jerawa. Masu kallo a waya suna yanke shawarar tsayawa ko wucewa tun a daƙiƙun farko, don haka kada a buɗe da rubutun suna ko doguwar tafiya zuwa bakin ruwa. A buɗe da ɗan ɗanɗanon babban motsin, daƙiƙa ɗaya ko biyu, a yanke kafin a ga yadda ya ƙare, sannan a koma shiri, a hau zuwa ratsawar, a rufe da fuskar ɗan wasan. Yawancin gutsure daƙiƙa 1 zuwa 3 ya ishe su. Hoton wuri daga nesa yana buƙatar ɗan ƙari domin ido ya zagaya.

Wurin yanka shi ne inda gwaninta take. A yanka a tsakiyar motsi, ba bayan ya ƙare ba. A misalinmu, gutsure na farko daga gaɓa yana nuna matuƙin ya ɗaga filafili ta dama zai soka a ruwa. Ka tafi firam bayan firam har daidai inda bakin filafilin ya taɓa ruwa, ka yanka a nan. Ka ɗauko gutsuren da aka ɗauka daga cikin ruwa a wani maimaicin, ka nemo inda filafilin dama ya taɓa ruwa, ka fara daga nan. Idan aka kunna, ido zai bi filafilin ya tsallake yankan bai lura ba. Idan kuwa a na farko dama ce a na biyu hagu, mai kallo zai ji wani abu ya yi tsalle ko da bai san mene ne ba. Irin wannan yanka kai tsaye ya fi duk wasu juye-juye da walƙiyar da manhajoji ke tallatawa, waɗanda galibi ɓoye raunin ɗauka kawai suke yi.

Tafiyar hawainiya a ajiye ta domin wuri ɗaya ko biyu. Idan komai ya zama a hankali, gudun da ya sa wasan ya burge ya tafi. Abin da ya fi aiki shi ne a bar kwale-kwalen ya taho da gudunsa na gaskiya, a sauke gudun zuwa kashi 25 cikin ɗari daidai lokacin da hancinsa ya fasa igiyar, a riƙe daƙiƙa biyu ruwan yana watsuwa, sannan a mayar da shi cikakken gudu yana fitowa. Wannan da gutsuren firam 120 ko sama da haka kawai zai yi santsi. Wanda aka ɗauka a 30 idan aka rage shi sai ya riƙa tsalle-tsalle, dabarar ƙirƙiro firam da manhajoji ke yi kuma takan narkar da fantsamar ruwa ta zama wani abu dabam.

Bayan jeri ya zauna sai a miƙe duk layin ruwan da ya karkace, a juya hoton digiri ɗaya ko biyu a ɗan faɗaɗa shi domin kusurwoyi su cika. Wajen launi a fara da sauke wuraren da suka yi haske da yawa har kumfa ya nuna zanensa, a ɗaga inuwar fuska kaɗan, sannan a jera gutsuren kusa da juna a tabbata ruwan launi ɗaya ne a dukansu. Hoton ƙarƙashin ruwa a ƙara masa ɗumi da ɗan ja-ja har fatar mutum ta dawo kamanninta, a tsaya a nan. Fata ce ma'auni, ba shuɗin ruwa ba.

Sautin da aka naɗa a gaɓa a shimfiɗa shi a ƙarƙashin bidiyon gaba ɗaya domin ya ɗinke yankan, a ɗora ƙarar fantsama daidai firam ɗin da ruwa ya fashe, a kuma bar sautin gutsure na gaba ya shigo ɗan lokaci kaɗan kafin hotonsa. Idan za a sa kiɗa, a daidaita manyan yanka da bugunsa, a kuma sauke shi a wurin babban motsin domin a ji ruwan. Kiɗan wani da ba a da izininsa yana iya sa a toshe bidiyon ko a cire sautinsa, tun da YouTube yana da tsarin Content ID mai gano shi. Ɗakin sautin kyauta na YouTube da kiɗan da dandalin ya tanada a cikin manhajarsa sun fi aminci. Rubutu a kan hoto ya zama gajere, a nesanta shi daga ƙasan hoto da gefen dama, inda maɓallan dandali ke rufewa.

A fitar da shi a MP4 mai tsarin H.264, a siffa da firam ɗin da aka saita tun farko. YouTube yana ba da shawarar megabit 8 a daƙiƙa ga 1080 mai firam 30, da 12 ga mai firam 60, amma ruwa mai motsi yana cikin abubuwan da suka fi wuyar matsewa, tun da kowane ɗigo yana sauyawa a kowane firam, don haka gara a ninka wannan adadi domin dandalin zai sake matse shi. Kafin a wallafa a tura fayil ɗin zuwa waya a kalle shi sau biyu, sau ɗaya da sauti sau ɗaya babu, a kuma nuna wa wanda aka ɗauka ya amince. Idan za a aika masa ta WhatsApp, a aika a matsayin fayil, domin aikawa ta hanyar bidiyo ta yau da kullum tana rage ingancinsa.